Marsandi 300 CE mai ƙofa biyu: shekara huɗu ina riƙe da ita a Damagaram

A wani gida a Zango na same ta, farkon shekarar 2021, an lulluɓe ta da tamfol, taya biyu sun sace, akuya ta mayar da ƙarƙashinta makwanci. Motar aminin mahaifina ce, dattijon ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana safarar wake da fatu tsakanin nan da Kano. Tun ina makarantar firamare nake ganinta. In ya zo gaishe da Baba yakan ajiye ta a ƙofar gida, mu yara mu kewaye ta muna leƙen agogunan da ke gaban sitiyari. Da ciwon ƙafa ya matsa masa sai ya daina tuƙi, ƴaƴansa kuwa kowa Toyota yake so. Wata uku na yi ina kai gaisuwa kafin na iya buɗe baki na yi maganar. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, amana za ka ɗauka. In ka san hannun masu kwance-kwance za ta faɗa, bar min ita nan ta mutu a gabana." Na ce, "Baba, in Allah ya yarda ba zan ba ka kunya ba." Muka daidaita a kan sefa miliyan 1 da jika 800, na biya kashi biyu. Ga ƴan'uwa na Najeriya, jika a wurinmu sefa dubu ɗaya ce.

Marsandi ce 300 CE ƙirar 1989, ƙanwar wadda mutanen Najeriya ke kira V-boot saboda yankan murfin but ɗinta. A ƙarshen 1984 kamfanin Mercedes-Benz ya fito da mai ƙofa huɗu, wato W124, sai a 1987 wannan mai ƙofa biyu ta biyo baya, aka ci gaba da ƙera ta har 1996. A ƙarƙashin Bruno Sacco aka zana su, ɗan asalin Italiya da ya daɗe yana shugabantar masu zanen motocin kamfanin. An gajarta tsakanin tayar gaba da ta baya da santimita 8 da rabi, an sauke rufin, sannan aka cire ginshiƙin da ke raba tagar gaba da ta baya. In ka sauke gilasan nan huɗu, gefen motar wangame yake tun daga madubi har baya, kamar kana zaune a rumfa. Kyanta ke nan, kuma a daidai nan ne ta fi ba ni wahala. Zan zo kan wannan.

Injinta M103 ne, silinda 6 a jere, lita 3, ƙarfin doki 180 da ƴan kai, giya otomatik mai hawa 4. Ba ta zabura. A giya ta biyu take tashi, a natse, kamar dattijo zai miƙe daga kan buzu. Amma ka hau kwaltar Tasawa bayan sallar asuba, ka bar ta ta kai 110, a nan za ka san me aka ƙera. Ba ta rawa, ba ta ƙara, sitiyarin yana da nauyi a hannu, babbar mota in ta gifta ka iskarta ba ta ture ka gefe. Sau uku na je Yamai da ita, kusan kilomita 900, na sauka bayana lafiya lau. Kujerun suna da tauri, da farko za ka ce an yi rowar soso, sai ka wuce Maraɗi ka nufi Konni sannan za ka gode wa wanda ya yi su haka.

Akwai ƙananan abubuwa da har yau nake jin daɗin ganinsu. Waifa guda ɗaya ce, tana miƙewa tana tsukewa don ta kai kusurwoyin gilashi. Birkin ajiye mota da ƙafa ake taka shi, a sake shi da hannu. Bonet yana buɗewa ya miƙe tsaye cak, bakanike ya yi aiki ba tare da ya buge kai ba. Sai kuma hannun nan na roba da ke fitowa daga bayan ƙofa ya miƙo maka bel da zarar ka kunna mota, tunda ƙofar doguwa ce, bel ɗin ya yi nisa. Ranar farko da na ɗauki mahaifiyata, da hannun ya taso ta gefen kafaɗarta sai ta ja da baya ta ce, "Bismillahi! Wane ne kuma wannan?" Yanzu ta saba, in bai fito da wuri ba ita ke tambaya ko lafiya.

To, ba a nan gizo ke saƙa ba. Duk wanda zuciyarsa ta kwanta da irin wannan mota, ya fara neman wanda zai riƙa taɓa masa ita tun kafin ya biya ko dala. Ni na yi wannan kuskuren na saya sannan na shiga nema. Garejin farko da aka ja ta zuwa, wani saurayi ya buɗe bonet, ya cire tukunyar filtar iska, ya dubi ƙananan bututun ƙarfe shida da ke fitowa daga wani kasko, ya ce, "Alhaji, mu cire wannan tarkacen mu ɗora kafireto ka huta." Haka aka yi wa V-boot da yawa. Motar za ta tashi kam, amma mai za ta riƙa sha kamar rairayi, kuma lafiyar tafiyarta ta tafi ke nan. Na gode masa, na sa aka ja min ita.

Abin da ya kira tarkace shi ne KE-Jetronic na kamfanin Bosch, kuma yana da kyau mai motar ya san yadda yake aiki ko da bai iya riƙe sifana ba. Akwai wani faifai da iskar da injin ke zuƙa take danna shi ƙasa. Gwargwadon yadda ya sauka, haka yake ɗaga wani ɗan sanda a cikin kaskon rabon mai, man ya bi bututun nan shida yana fesawa ba tsayawa, da matsin da ya haura bar 5 a agogon auna matsi. Lantarkin da ke ciki kaɗan ne, ɗan gyara lissafi kawai yake yi. Abu biyu ke kashe shi: datti a cikin mai, da hannun da bai sani ba. Akwai wani ɗan noti da ake juyawa da alanki mai lamba 3, shi ke daidaita mai da iska. Da zarar mota ta yi tari, nan kowa ke kai hannu, alhali juyi kaɗan ya isa ya rikita komai.

Wani direban tasha ne ya yi min kwatancen dattijon da nake kai wa yanzu, can wajen hanyar Tanut. A Kano ya koyi aiki tun yana saurayi, a kan Marsandi zalla. Garejin nasa inuwar bedi ce da akwatin ƙarfe da yara biyu. Bai taɓa notin nan ba. Sai da ya ɗauko wani agogon auna matsi da ya haɗa wa tiyo da kansa, ya jona, ya sa yaro ya kunna, ya tsaya yana kallon allura kusan minti goma ba magana. Sannan ya ce, "Malam, wannan injin ba ya son hannu da yawa. In ya yi tari, a tambayi mai, a tambayi wuta, a tambayi iska, kafin a taɓa masa kai." Na ce, "Baba, duk yadda ka gani."

Tanki ya fara saukewa. Abin da ya fito a ciki na gan shi da idona a kwanon roba: jan laka, ɓarɓashin tsatsa, da wani ruwa mai warin tsohon fenti. Aka sake famfon mai da filta da wata ƴar tukunya da ke riƙe matsi bayan an kashe mota, wadda in ta mutu motar ba ta tashi da zafinta sai ka yi ta murɗa makulli. Aka sake filogi 6 da wayoyinsu da murfin rabon wuta, aka yi juyen baƙin mai da man giya da man birki, aka sa batir da taya 4 masu lamba 195/65 R15. Jika 620 ta tashi. Wanda zai sayi motar da ta daɗe a ajiye, ya ware kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sayenta don wannan zagayen farko, kada ya ɗauka cutarsa ake yi.

Bayan wata biyu ta fara rawa in tana tsaye, fitilar ABS, wato ta gargaɗin birki, ta kama. Hankalina ya tashi, ina ta lissafin manyan kuɗi. Dattijon ya janye wani murfin roba a bayan batir, ya zaro wani rile mai fis a kansa, wanda ke kare kayan lantarkin motar daga wuta mai yawa. Jika 15, magana ta ƙare. Tun daga ranar nake ajiye guda a aljihun mota.

Batun mai kuwa, mu mutanen Damagaram mun san kanmu. Matatar SORAZ tana nan arewa da mu a hanyar Tanut tun 2011, amma shekara da shekaru rabin gari ruwa-ruwa yake sha, man kwalba da jarka da ke shigowa daga Najeriya, don ya fi araha. Da aka cire tallafin mai a can a watan Mayun 2023 sai lissafin ya juye. Ba na zagin masu wannan sana'a, da yawansu ƴan unguwarmu ne, kuma mashin ɗina ya sha nasu ba adadi. Amma wannan motar ba ta ɗauka. Sau ɗaya na yi, dare ya yi min a wani ƙauye tsakanin Matamaye da gida, na sa aka juye min lita 10 ta mazurari da tsumma. Kafin na shigo gari ta fara shaƙewa, washegari silinda biyu ba sa aiki. Kwana uku aka yi ana wanke kasko da bakunan fesa mai. Yanzu gidan mai kawai, kuma ba na barin allura ta sauka ƙasa da kwata, don kada famfo ya zuƙo abin da ya kwanta a gindin tanki. Filtar mai duk shekara nake sake ta, ko ta nuna gajiya ko ba ta nuna ba.

Sai zafi. An ƙera motar a ƙasar da ake fama da ƙanƙara, ga ta a garin da watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Tana iyawa, in dai kowane abu na sanyaya injin yana da lafiya, amma roba da filastik ɗin da suka shekara talatin ba ruwansu da sunan kamfani. Cikin azumin 2022 ina dawowa daga Magarya wajen ƙarfe biyu na rana, na ga allurar zafi ta bar 90, ta wuce 100, tana neman ja. Kafin na gama sauka gefen hanya tururi ya turnuƙe gaban mota. Wuyan lagireto na sama, inda tiyo ke kamawa, shi ne ya tsage. Na tura ta ƙarƙashin wani gawo, Allah ya sa bishiyar da ke da ganye da rani ce, na zauna. Wani manomi da ke wucewa da amalanke ya tsaya, ya ce, "Sannu Malam, Allah ya kiyaye gaba," ya sauke min jarkar ruwa guda, ya ƙi karɓar komai. Sa'a ɗaya da rabi na jira injin ya huce kafin na zuba, don ruwan sanyi a kan injin mai zafi shi ke lanƙwasa kansa. Na ɗaure wuyan da robar tsohon tiyub, na taho a hankali ina tsayawa, na iso gida ana kiran magariba.

Daga wannan na koyi abubuwan da nake so duk mai irin motar ya riƙe. Fankar injin ba a ɗaure take kai tsaye ba, akwai wani kulocin mai a tsakiyarta da ke kamawa in zafi ya tashi. In ya mutu za ka ga fanka tana juyawa amma iskar ba ta da ƙarfi. Ka kashe mota da zafinta ka juya fankar da hannu, in ta tafi sakayau ba turjiya, a sake shi. Na biyu, kada ka yarda a cire maka tamostat. Al'adar garejinmu ce, wai ƙasar zafi ba ta bukatarsa. A wannan injin shi ne ke toshe gajeriyar hanyar ruwa in ya buɗe, don ruwan ya bi ta lagireto dole. In babu shi, wani ruwan sai ya riƙa kewayawa a cikin injin bai je ya huce ba. Na uku, ruwan da ake zubawa. Ruwan rijiya da na ƴan garuwa yana barin farin gishiri a ciki, da muka fasa tsohon lagireton rabin hanyoyinsa a toshe suke. Ruwan sanyaya injin na gwangwani nake sa wa, in gauraya da ruwan sama da na tara na tace. Duk da haka, bayan wata biyar sai da aka buɗe kan injin aka sake abin da makanikanmu ke kira juwan kulas, mutanen Kano su ce gasket. Wannan zafin na hanyar Magarya ne ya biyo bashi.

Duk waɗannan da na lissafa, kayansu ana samu. Injin, giya, ƙafafu, birki, fitilu, duk ɗaya suke da na mai ƙofa huɗu, ita kuwa an ƙera ta sama da miliyan 2, gawarwakinta sun cika Afirka ta Yamma. Abin da babu a nan, waya ɗaya zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, kwana biyu ya iso tasha. In ya gagara can, akwai Ladipo a Legas. Amma mai ƙofa biyu kimanin dubu 141 kacal aka yi a duniya baki ɗaya, kuma daga gilashin gaba zuwa baya jikinta nata ne ita kaɗai: ƙofofi, gilasai, robobin taga, kujeru, rufi. Wannan ne abin da ba wanda ya gaya min.

A watan Agustan 2023 aka yi wata iska mai ƙarfi gabanin ruwa, ta ɗauko kwanon rumfar maƙwabci ta maka a ƙofar direba. Gilashin ya zube kamar tsakuwa. Lokacin kuwa iyakoki a rufe suke bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ta Najeriya da ta Benin duka. Na yi ta aika hoto ta WhatsApp. Wani ya rantse min yana da shi, na tura kuɗi, bayan sati biyar kaya ya iso a naɗe cikin kwali. Da muka kara shi a ƙofa, ya gaza da fiye da taƙi ɗaya. Na mai ƙofa huɗu ne. Ban ce da gangan ya yi ba, mai yiwuwa bai taɓa ganin irin tawa ba, a wurinsa V-boot V-boot ce. Wani mai yankan gilashi a gari ya ce zai yanka min na taga ya goge bakin. Na ƙi. Gilashin mota in ya fashe rugurgujewa yake yi, na gida kuwa wuƙaƙe yake zama, ga shi a daidai wuyan mutum. Kuma na motar a lanƙwashe yake, miƙaƙƙe ba zai taɓa zama ba.

Wata bakwai ta yi a ajiye, na toshe tagar da leda da salatif, duk hunturun nan ina share ƙura a kan kujeru. Wallahi akwai ranar da na yi niyyar sayar da ita ga duk wanda ya taya. Ƙanin matata da ke aiki a Beljiyam shi ya fitar da ni. Ya samo gilashin a wata makabartar motoci a Jamus kan yuro 90, kusan jika 59 ke nan tunda yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi, ya naɗe shi cikin bargo biyu, ya sa a kayan wani da suka biyo ta Lome. Kuɗin hanya ya fi kuɗin gilashin. A watan Maris na 2024 ya iso.

Ranar da aka sa shi ban je shago ba. Tunda ƙofar ba ta da firam, gilashin da kansa ne ke hawa ya kwanta a kan robar rufi, kuma akwai notuna a cikin ƙofa da ke karkata shi ciki ko waje. Dattijon ya yage takardar littafin makaranta, ya sa tsakanin gilashi da roba, ya rufe ƙofa, ya ja. In takardar ta zare da sauƙi, ya buɗe ya ɗan juya noti, ya matsa gaba da yatsa huɗu ya sake gwadawa. Haka ya bi bakin gilashin kaf, tun bayan azahar har la'asar ta yi sanyi. Da ya gama ya sa yaro ya watsa ruwa da buta, ko ɗigo bai shiga ba. Jika 10 ya ce in ba shi. Na ninka, ya mayar min da rabin abin da na ƙara.

Saboda haka, in ka je duba irin wannan mota, kada ƙarar injin ta ɗauke maka hankali. Injin ko ya mutu ana tashinsa. Ka sauke gilasan huɗu ka ɗaga su sau uku, ka ga ko suna tafiya daidai. Ka bi robobin da yatsa, in sun bushe sun tsattsage to duk hunturu da ƙura za ka riƙa tafiya a cikin mota, sababbinsu kuma tsada gare su, sai an yi oda daga Turai. Ka duba gilashin gaba da na baya ko akwai tsaga. Ka ga ko bayan kujerun gaba yana kullewa in injin na aiki, don da iskar injin yake kamawa, haka ma makullin ƙofofi da iska suke aiki ta wasu siraran tiyo da ke bushewa. Ka leƙa ƙasa wajen ramukan jak da bakin tayoyin gaba, nan gishirin titunan Turai ke fara cin ƙarfe. Busasshiyar iskarmu tana tsayar da tsatsa, amma rana tana fasa dashbod tana ƙona fenti, don haka inuwa wajibi ce. Robobin nawa da ɗanyen tsumma nake goge su duk Juma'a, in shafa musu gilisarin na kemis. Kada a sa musu baƙin mai, kumbura su yake yi.

A cikin gari tana da nata takura. Ƙasa take sosai, kuma da ka bar kwalta a Damagaram rairayi ne ko dutse. Akwai robobin da sifirin ke zama a kai, kamfanin ya yi su kauri daban-daban, mun sa mafi kauri ta ɗan tashi, na kuma sa an yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin tukunyar baƙin mai. Tayoyin baya ne ke ja, in ta shiga rairayi mai laushi ka taka da ƙarfi, haƙa za ta yi ta zauna. Lungunan Birni ba na shiga da ita sam, a wajen fada nake ajiyewa in taka, don ko ta shige, ƙofar ba za ta samu filin buɗewa ba. Abu guda da ba na wasa da shi shi ne rotil, gaɓar da ke riƙe tayar gaba. In ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, a sake shi ranar, domin in ya fita tayar kwanciya take yi ana cikin tafiya.

Mutum huɗu take ɗauka, ba ƙari. Kujerun baya biyu ne daban-daban da akwati a tsakani. A garinmu da in ka fito daga jana'iza ko ɗaurin aure mutum shida ke tsaye suna jiran ka buɗe, wannan abin jin nauyi ne, kuma na sha jin sa. Dattijo mai babbar riga ba zai sunkuya ya shige baya ba, ni ma ba zan iya ce masa ya yi ba. Uwargida ta faɗa min gaskiya tun shekarar farko: "Malam, motar tana da kyau, amma ni da goyo da yara uku ina za mu shiga?" Gaskiyarta. Sai da na haɗa kuɗi na sayi tsohuwar Corolla don gida, zirga-zirgar shago a Kasuwar Dole kuma mashin ke yi. Wanda mota ɗaya zai iya riƙewa, kuma yana da iyali, ban ba shi shawarar wannan ba ko kyauta aka ba shi.

Kilim ɗinta, wato na'urar sanyaya ciki, na tsohon gas ne, R12, an mayar da shi R134a. A kan hanya yana sanyi sosai, a tsaye cikin watan Mayu sai dai ya rage maka. Mai tana shan lita 14 zuwa 15 a kilomita 100 cikin gari, a doguwar hanya 10 zuwa 11. Tankin lita 70 ne, a farashin sefa 499 da aka sa tun Yulin 2024 cika shi kusan jika 35 ne. Juyen baƙin mai duk kilomita 5,000 nake yi, wajen lita 6, filtar iska kuwa da hunturu duk sati ake busa ta. In na haɗa gyara da asiransi da binyet da bizit, ban da mai, shekara ba ta kasa jika 400, shekarar lagireto da kan injin ta kusa ninka haka. Ina rubuta komai a littafi, shi ya sa nake faɗa gaba gaɗi.

Masu tambayata wacce za su nema, ni dai 300 CE ko 230 CE mai silinda 4 nake cewa, na 1987 zuwa wajen 1992. Waɗanda suka biyo baya, 320 CE da E 320, injinsu M104 ya fi ƙarfi, amma an san wayoyin injin na waɗannan shekarun da rugujewar rigarsu in sun sha zafi, sai ka tabbatar an riga an sake su. CLK da ta fito a 1997 kwamfuta ta yi mata yawa ga garejin da ba na'urar bincike. Babbar CL ta 1999 kuwa, mai ƙafafun da ke aiki da matsin mai, akwai guda da nake wucewa a wani fili, shekara biyu ke nan tana kwance a kan cikinta, ba don ba ta gyaruwa ba, sai don ba mai kayan aikin a kusa.

Tawa tana nan, ta haura kilomita dubu 310. Duk Juma'ar da na samu sarari nakan biya Zango in ɗauki Baba Alhaji, tsohon mai motar, zuwa masallaci. Yaransa su kama shi ya zauna a gaba, ya ce kada in kunna rediyo, injin yake so ya ji. Makon jiya muna fitowa ya ce, "Ɗana, hannun bel ɗin nan na gefena ya fara nauyi, da ba haka yake fitowa ba." Na saurara, gaskiya ne, yana ɗan tsayawa a rabi kafin ya ƙarasa. Dattijon gareji ya buɗe ya ce wani ɗan haƙorin roba ne a ciki ya cinye. Na aika wa ƙanin matata hotonsa da lambar da ke jiki, ya ce zai duba ranar Asabar.